Haɓar Kakar Ƙawata

Ranar da malaminmu na uni ya amince da project ɗina, tun a bus na fara danna waya. Kafin mu kai unguwarmu Moss Side a Manchester har 'yan choir ɗin church ɗinmu sun ji labari.

Kakar ƙawata ce ta zo musu ziyara Birmingham daga China, kuma yaren Mandarin irin na ƙauyensu take yi, wanda jikokin ma ba su iya ba. Motsin harshenta in tana magana zan ɗauka a project ɗin, aikin ba wuya. Na'urar scanning ce irin ta masu ciki, a manna ta a ƙarƙashin haɓa, sai harshe ya fito a screen. In mutum ya ce "i" harshen ya taso gaba, in ya ce "u" ya ja baya. Akwai wani wasali nasu da harshe ke zama a wurin "i", leɓe kuma ya tsuke kamar na "u". Shi nake farauta, da shi zan samu makin shiga masters.

Malam ya ce a tsaya a bayan mutum, a dafe masa kai kada ya motsa.

Na isa flat ɗinsu a unguwar Perry Barr ta Birmingham, na ga tsohuwa, furfura fat. Ni in tsaya mata a ka, in dafe ta kamar yaron da za a yi wa aski? Sai na durƙusa a gabanta, na miƙa na'urar daga ƙasa.

Ƙawata ta ce, "Ke, tashi mana, ba church muke ba."

Na ce, "Bar ni, daga nan ma ina gani."

Tsohuwa ta ji daɗina sosai. Duk kalmar da ta faɗa sai ta sunkuyo ta yi mini murmushi. Na koma Manchester ina jin kaina, na cika status da hotuna.

Malam ya kalli video ɗin, ya ce ba yadda za a gane ko harshen ne ya motsa ko kan. A sake. Kaka kuwa ta riga ta hau jirgi.

Masters ya wuce ni. Da na gaya wa Mama, cewa ta yi, "Ai kin nuna tarbiyya, 'yata."

Tarbiyyar tana nan a laptop ɗina. Harshe a karkace, yana lilo.