Amsoshin Baba da ba su isa rediyo ba

Ina shigowa gida na faɗa ɗaki, na kifa fuska a kan littafin soyayyar da nake karantawa. Yau aka yi gasar kacici-kacici a Bagudo, tambayar ƙarshe ta faɗo kaina. Wallahi na san amsar, amma da na ga idanun jama'a sai muryata ta maƙale. Aka fitar da makarantarmu, na ce wa malamarmu ta cire sunana, ni da gasa har abada.

Baba ya tsaya bakin ƙofa. "Ɗiyata, mu zamaninmu a rediyo ake yin ta. Wasiƙar amsoshi nike rubutawa in ba direban motar garin Lolo. Kafin ta kai gidan rediyon Sakkwato an daɗe da faɗin gwani."

Na ce, "Ba a taɓa kiran sunanka ba?"

"Ko sau guda. Innarki kaɗai ta san ina cinyewa, ita nike karanta ma amsoshin in na je zance."

Inna ta ɗago murya daga madafa. "Malam, ji tsoron Allah! Rabinsu ni ke gyara maka."

Na yi dariya da hawaye a fuskata. Gobe zan roƙi malama ta mayar da sunana.

Ana ta gardamar gwanayen da da na yanzu, ashe nawa gwanayen suna gidanmu. Ku fa, wane ne naku?