Gordo ko Gorda

Har gobe ina tuna ranar da sufeto ta shigo ajina, a shekarata ta biyu ina koyar da Sifaniyanci a wata lise, wato makarantar sakandare, a Garoua. Sufeto ita ce mai zama a bayan aji ta saurari darasi ta ba malami maki, kuma da makin nan ake duba ƙarin girma. Madam ɗin da aka turo mana mace ce mai jiki, ba ta dariya.

Darasin ranar na sifa ne. Na yi musu bayani cewa kamar Hausa abin yake: yadda muke cewa dogo da doguwa, su ma *alto* na namiji ne, *alta* na mace. Haka *gordo* da *gorda*, wato mai ƙiba. Sai na ce kowa ya siffanta abin da yake gani a ajin.

Hadiza, wata ɗaliba mai shegen tsokana, ta miƙe ta ce, "*La inspectora es gordo.*"

Wato sufeto mai ƙiba ce, amma da sifar namiji ta faɗa. In na gyara, da bakina na ce wa sufeto mai ƙiba. In na yi shiru, na bar kuskure ya wuce a gabanta.

Madam ta ajiye biro. "Malam, ba za ka gyara mata ba?"

Sai na yi dabara, na juya ga yara. "Wa ya ga kuskure?"

Ajin gaba ɗaya suka haɗa baki: "*Gordaaa!*"

Madam ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Hadiza, yanzu siffanta mana malaminku."

Ko numfashi yarinyar ba ta ja ba. "*El profesor es bajo, flaco y feo.*" Gajere, siriri, mummuna. Babu kuskure ko ɗaya. Ashe ta san ƙa'idar sarai, da gangan ta haƙa mini rami.

"*Muy bien,*" in ji Madam, wato da kyau, kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa.

Maki mai kyau ta ba ni. A bakin ƙofa ta ce, "Yaranka sun iya. Kai ne da sauran koyo."

Saboda haka, ku sababbin malamai, ranar darasin sifa ku zo da hoton akuya ko na mota. Kada ku kuskura ku ce wa yara su siffanta abin da suke gani, don wallahi suna gani.