Baban Sauro da Safarsa

Ranar da jami'a ta buɗe ƙofa don manyan baƙi su ga irin binciken da take yi, ranar ce Baban Sauro ya zube a ƙasa, shi da kejin sauro gaba ɗaya.

An fara zagayawa da baƙin ta wajen masu haɗa batirin hasken rana, aka kai su inda ake tace ruwan kwata ya koma na sha, aka nuna musu ɗan jirgin nan mara matuƙi mai leƙa gonaki. Daga ƙarshe aka shigo da su ɗakin sauro, inda jami'ar ta fi tinƙaho. Ɗaki ne mai ɗumi da laima kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi, ga keji-keji na raga a jere, kowanne da hannun riga na yadi da ake zura hannu ta ciki. Dakta, matar da ke shugabantar ɗakin, tana ta bayani. Shi kuwa Baban Sauro ya sha sabuwar farar rigar aiki, ya naɗe hannu har gwiwa, ya zura.

Tun jiya aka hana sauron abinci don baƙi su ga aiki. Kafin ka ce me, hannun ya yi baƙi ƙirin. Wani baƙo mai ƙaton agogo ya ce, "Malam, ba ka jin zafi?" Ya buɗe baki zai ce mun saba, sai harshe ya yi nauyi, maƙogwaro ya matse, ɗakin ya fara juyawa. Ya tafi luu da kejin a hannu, raga ta yage. Masu yunwa suka fito suka tarar da wuyan manya a buɗe. Mutanen da ko gaishe su sai an yi maka iso, ga su nan suna ta marin kansu. Da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne, "Kar ku kashe su, masu ƙwai ne."

Kafin yamma labari ya riga shi isowa unguwa.

Asalinsa mai shara ne a wannan ginin, tun yana da baƙin gashi. Aka lura ko mutum nawa ne a ɗaki, sauron da ya kuɓuce kansa yake nufa. Daga nan aka karɓe tsintsiya aka ba shi kujera. Waɗannan sauron ba irin na kwata ba ne. Zuri'a ce da ake kiwo a keji tun kakannin kakanninsu, ba su ɗauke da ciwo, ba su taɓa shaƙar maganin feshi ba. Duk sabon gidan sauro ko sabon feshi da masana suka haɗa, da su ake gwada ƙarfinsa. Macen kuma ba ta ƙwai sai ta sha jini, jinin da suka sani kuwa nasa ne.

Gidansa ya ɗanɗana wannan aiki. Ba ya shafa turare, ba ya wanka da sabulu mai ƙamshi, ba a kunna maganin sauro a ɗakinsa, ba a feshi. Uwargidansa ta yi faɗa har ta gaji. Tela, maƙwabcinsa na jikin katanga wanda bakinsa ya fi kekensa gudu, shi ya raɗa masa sunan, har yaran gidan suka koma ƙannen sauro. Shi dai in an tsokane shi sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Mu a jami'a ba ma magana sai da hujja."

A asibiti likita ya duba kumburin hannun ya ce, "Baba, jikinka ya daina karɓar yawun sauro. Yau maƙogwaro ya matse ya sake. Wata rana ba zai sake ba. Ko cizon gida ka kiyaye."

A ranar uwargida ta sayo maganin feshi gwangwani guda, ta feshe gidan har ƙarƙashin gado tana waƙa. Ta ɗauke katin shigarsa jami'a ta cusa a ƙasan akwatinta.

"Ba ni katina," in ji shi.

"Baban yara, ni takaba kake so in yi saboda ƙwaro?"

"Rabinsu baƙi sun kashe. Sauran in ba su sha ba, zuri'ar ta ƙare."

"Ta ƙare mana. Ai taka zuri'ar ma tana nan tana kallonka."

Abin da ke cin sa kuwa ya fi tausayin ƙwaro. Bai da takarda, bai da sana'a, tsintsiyar ma an daɗe da ba wa kamfanin shara. Hannun nan kaɗai ya ajiye shi a jami'a. In an ce hannun ya tashi daga aiki, me zai nuna a bakin ƙofa?

Da ya ji sauƙi ya lallaɓa ya karɓi katin da alkawarin ba zai zura hannu ba. Ya tarar an sauko da wani inji da ya daɗe a kwali: ɗan kofin gilashi da ake zuba jinin dabba a ciki, a rufe bakinsa da wata leda mai laushi, ruwan ɗumi yana zagaye shi. An kife shi a kan raga, amma sauron sun maƙale a lungu sun ƙi kusantar sa. Ƙasan kejin duk gawa. Yana shigowa suka taso suka taru a ɓangaren da yake tsaye. Hannunsa ya tafi wajen maɓallin riga.

"Baba, kar ka soma," in ji Dakta. Nata hannun duk tabo ne, ta gwada ba su, kaɗan suka sha. "Na kusa rasa ka a gaban mutane. Ba zan sake ba."

"Ranki ya daɗe, ko na ɗan lokaci."

"A'a. Cire safarka."

Ya dube ta.

"Warinka suke bi. Za mu naɗa ta a jikin injin. Wadda ka wuni da ita nake so, ba wankakkiya ba."

Ya zauna a kujerar da ya tsufa a kanta, ya cire takalmi a gaban ɗalibai 'yan mata, ga safar da huda a babban yatsa. Aka ɗauke ta da ɗan matsefi kamar wata dukiya. Ba a jima ba ɗaya ta sauka a kan ledar, sai wata, sai ga su sun yi layi, ciki yana ja. Ɗalibai suka yi ta murna. Shi ma ya yi murmushi, sannan ya tambaya a hankali, "'Ya'yansu ma za su buƙaci safar?"

Dakta ba mai ƙarya ba ce. Ta ce, "Su za su buƙata. Jikokin, wataƙila su saba da injin." Ta ƙara da cewa za ta yi magana a sama a nema masa wani gurbi. Ya daɗe a jami'a, ya san yadda magana ke tsufa a sama. Ya kuma san jikan sauro ba ya daɗewa bai iso ba.

Yanzu kullum da safe yakan fita da safar jiya a cikin leda, uwargida ta hana a ajiye ta ko'ina sai bayan ƙofa. Rannan da la'asar yana dawowa, Tela ya tsayar da keke ya leƙo ta taga, majalisa ta cika a bencinsa.

"Baban Sauro, sannu da bincike. Ashe jami'a duk girmanta, da jiragenta da batiranta, a kan safarka take tsaye?"

Aka kwashe da dariya. Ya ci gaba da neman mukullinsa.

"To in jikokin naka sun yaye kansu fa? Ina za mu kai ka?"

Baban Sauro ya juyo, ya zo ya ture mutum ɗaya ya zauna a bencin, daidai ƙarƙashin tagar Tela, ya ajiye ledarsa.

"Nan zan dawo," in ji shi. "Ai da masu cizo na yi rayuwata. Sai dai su, in sun ƙoshi, shiru suke yi."