Karkatacciyar Wuƙar Baba

Jiya a kasuwar Wara na yi turus gaban wata tsohuwa mai gyaran kifi. Wuƙarta ta sha washi har ta sirance, ƙotar a karkace. Aikin Baba ne! Bahago ne, haka yake ƙera su a maƙerarmu ta Yelwa tun muna Jihar Sakkwato. Mu da muka gada muka miƙar da ƙotar.

Na ce, "Inna, ni ɗan maƙerin wuƙar nan ne. Kawo in sake miki sabuwa."

Ta ɓoye ta a bayanta. "Wagga ta aurar da ɗiyana kaf. In kai ɗanshi ne, ƙero wa jikata irinta, karkatacciya!"

Na dawo ina dariya har da ƙwalla. Ashe gadon muka miƙar. Ku fa, me kuka gyara a gidanku?