Yadda Aka Raba Kaka da Murhunta

Shekaranjiya ina dawowa daga kasuwar Bodija a cikin tasi, wata mata ta shigo ta zauna kusa da ni da ƙullin iru a leda. Ganyen da aka naɗe shi da shi ya ɗan buɗe, warin ya cika motar. Wani saurayi ɗan unguwarmu da ke kujerar gaba ya toshe hanci, ya waiwayo ya ce mini da Hausa, don kada matar ta ji, "Mutanen nan da ƙazanta." Na ce masa ya saki hancinsa ya sha iska, ba wanda ya taɓa mutuwa da warin abinci. Ya juya ya kalli gabansa. Amma har na sauka a Mokola zuciyata tafasa take yi, kuma ba shi ya tafasa ta ba. Baffana ne, yayan mahaifina. Shekaru sun ja, ni dai ban huce ba.

Ga wanda bai san iru ba, daddawar Yarbawa ce. Kalwa ce irin tamu, sai dai su ba sa kirɓa ta su shanya. A jiƙe take zuwa, ƙwaya-ƙwaya, a cikin ganye. Tana da wari, ban musa ba. Tamu ma ai ba turare ba ce.

Gidan da na tashi a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, gidan baƙi ne. Fataken goro daga arewa a nan suke sauka. Maigida ya ba su ɗaki, ya ciyar da su, ya nemo musu kaya mai kyau, a ɗaure huhu a loda a mota su kama hanya. Kakana ya fara wannan sana'a, da ya rasu Baffa ya gada. A irin wannan gida abinci ba ƙari ba ne, shi ne rabin sana'ar. Falke zai iya mantawa da ɗakin da ya kwana, amma ba ya mantawa da abin da ya ci. Tun daga tashar Ojoo direbobi suke yi wa sabon zuwa kwatance da "gidan Alhaji mai miyar kuka". Alhaji kuwa, wato kakan nawa, Allah ya ji ƙansa, ban taɓa jin wanda ya ce ya gan shi riƙe da muciya ba. Matarsa ce, Kaka. Ita take tuƙawa, ita take kaɗawa, tun kafin a haifi ubana. Baƙin ba su taɓa ganin fuskarta ba, kwanuka kawai suke gani suna fitowa zaure.

Madafarta tana can ƙarshen tsakar gida, rumfa ce ta tsohon kwano mai tsatsa, bangon ya yi baƙi ƙirin. Daminar Ibadan ba ta da kunya, ta zo ke nan ta zauna. Bango ya jiƙe, itace ya jiƙe, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya zama ruwa a cikin gwangwani. Ina tuna ƙarar ruwa a kan kwanon, da hayaƙin ɗanyen itace da ke sa mu hawaye, da Kaka a kan 'yar kujerarta, ta dafe tukunya da tsumma, tana juya tuwon mutum ashirin ko fiye kamar tana dama kunun jariri. Ni aikina miƙa mara da koran kaji. Ba na iya zama wuri ɗaya, shi ya sa take kirana uwar gaggawa.

Irin wannan damina ce ta kawo iru gidanmu. Kaka ta ba ni labari cewa da aka kawo ta amarya daga arewa, da daddawarta ta zo, cike da ƙwarya. Ba a jima ba ta yi fumfuna. Ta aika aka kawo wata, ita ma ta bi sahu. Wata Bayarabiya mai tallar iru, wadda duk muke kira Iya, ita ta same ta tana kankare daddawa da wuƙa tana ƙunƙuni. Ba su jin yaren juna a lokacin. Iya ta buɗe ganye ta miƙa mata a hanci. Kaka ta ce da ta shinshina sai ta ji kamar ta haɗu da 'yar garinsu da ta sake tufafi. Daga nan ta gano tata hanyar: ta daka iru da albasa da barkono, ta soya a ɗan manja har warin ya kwanta ya koma ƙamshi, sannan ta tsaida ruwan miya a kai. Miyar da fatake suke santi a kanta ke nan shekara da shekaru. Ba ɓoyewa take yi ba. Ba wanda ya taɓa tambaya ne.

Iya ta ƙofar baya take shigowa kullum, ta lungun da ke bin kwata. Wata Juma'a ruwa ya cinye lungun, sai ta zagayo ta gaba. An dawo daga masallaci, baƙi sun cika zaure ana cin tuwo, ni kuma na kawo ruwan wanke hannu. Ta yi sallama da farantinta a ka, ta rusuna ta gaida su da Hausarta mai karkacewa. Da ta ga yadda suke suɗe kwano sai daɗi ya kama ta. Ta dubi Baffa ta ce, "Alhaji, yana daɗi ko? Iru na ne. Ni ne na kawo, tun da daɗewa!"

Akwai wani babban falke a cikinsu, mai ƙaton rawani, wanda Baffa yake ji da shi fiye da kowa. Yatsunsa na cikin baki sa'ad da ta yi maganar. Ya zare su a hankali, ya dubi kwanon da ya riga ya share tas, ya dubi Baffa, ya fashe da dariya. "Kai, 'yan Sabo! Mun san harshenku ya tafi, ashe har tukunya ta bi shi? Gobe kuma sai amala, ko?" Zaure ya ɗauki dariya. Wasa yake yi, ko ni da nake yarinya na gane wasa ne. Bai ture kwano ba, bai ce ba daɗi ba. Ƙari ma ya nema.

Amma ku ba ku san ciwon ɗan Sabo ba. Baffa a nan aka haife shi, Yarbanci ya fi zama a bakinsa, in ransa ya ɓaci da shi yake faɗa. Duk rayuwarsa yana tsoron ranar da wani daga arewa zai ce masa shi ba cikakken Bahaushe ba ne. Hularsa ta fi ta kowa tsawo, gaisuwarsa ta fi ta kowa tsawo. Na ga yadda murmushi ya bushe a fuskarsa.

Bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da ya yi faɗa da an rama. Washegari da hantsi ya shigo cikin gida, ya cire takalmi, ya tsuguna a gaban mahaifiyarsa kamar ɗan kirki. Ya ce, "Inna, kin tsufa. Hayaƙin nan yana cin idonki. Mutane za su zage ni, su ce na bar uwata tana bauta wa baƙi. Daga yau ki huta, iyalina za ta karɓi girkin."

Kaka tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Idona ne ya dame ka?"

Ya ce, "Shi ne, Inna."

Ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka."

Shi ke nan. Matar da ta ciyar da rabin fataken da suka taɓa taka Sabo, an sauke ta da kalmomi masu daɗi, har da neman albarka a kai. Matan gida suka yi ta yaba shi, wai ɗa mai jin ƙan uwa. Na buɗe baki na ce, "Ƙarya ne, saboda iru ne!" Mamata ta make mini baki da bayan hannu. Babana ƙane ne, ba ya musu da yayansa. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Matar Baffa ba ta da laifi, kuma ba ta so ba. Ta iya girki daidai gwargwado. Aka riƙa sauke mata daddawa daga arewa a motar goro, tana fama da ita a kan wuta don kada ta lalace. Baƙi suka ci gaba da ci, ba wanda ya mutu. Sai dai kwanuka sun fara dawowa da saura, kajinmu suka yi ƙiba. Aka kuma gaya wa Iya, cikin ladabi ita ma, cewa an gode.

Kaka ba ta sake taka madafar ba, ko wucewa za ta yi sai ta kauda kai. Na yi zaton za ta kwanta ciwo. Maimakon haka ta aike ni na sayo mata kurfoti da gawayi, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, ta ciro wata 'yar tukunya da ba ta fi cin mutum biyu ba. Ta ce, "Uwar gaggawa, kin san gidan Iya?" Na ce na sani. Ta ce, "To me kike jira?"

Nan na koyi girki, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce don sha'awa na fara ba. Don haushi na fara. Ina dawowa daga makaranta, ko kayan makaranta ban cire ba, zan ruga gidan Iya a Mokola in karɓo ƙulli, in bi ta tsakiyar zaure da shi a hannu da gangan, ina kallon Baffa ido cikin ido. In tsuguna gaban kurfoti ina fifita wuta kamar ina dukan wani.

Na ƙona iru ba adadi. In na ga manja ya yi zafi sai in juye komai in hau juyawa da ƙarfi. Kaka ta ƙwace ludayin ta ce, "Ke da wa kike faɗa? Rufe bakinki ki saurara." Ashe da kunne ake soya shi. Da farko yana tsartsatsi yana surutu, ruwan jikinsa ne ke fita. In surutun ya ragu ya koma kamar raɗa, to ya yi, ko ƙiftawar ido aka ƙara ya yi ɗaci. Kuka kuma ba a zuba ta kan wuta mai ci, sai an janye gawayi, ana barbaɗawa da hagu ana kaɗawa da dama. Ranar da na fara yin wadda ba gudaji, ta ɗanɗana a tafin hannu, ta ce, "Gishiri ya yi yawa." Amma ta cinye, har ta kankare tukunyar. Ban san lokacin da haushin ya ja gefe ya ba wani abu wuri ba. Na dai wayi gari ina cikin aji ina tunanin abin da zan sa a miya.

Wata rana a hanyar gidan Iya na leƙa wata buka, wato rumfar mai sayar da abinci, sai ga babban falken nan. Ya tuɓe rawani ya ajiye a benci, ya naɗe hannun riga, yana aika lomar amala, tuwon nan na Yarbawa, da miyar ganye wadda iru ke yawo a samanta ƙwaya-ƙwaya. Gumi yake yi don daɗi. Na koma gida da gudu na gaya wa Kaka, ina jiran ta yi tsaki. Dariya ta yi har da hawaye, ta ce, "Bar bawan Allah ya ci abincinsa." Ita ta iya wannan. Ni ban iya ba. Mutumin ya yi wasansa ya manta, ya tafi ya ci abin da ransa ke so, ita kuma an raba ta da murhun da ta tsufa a gabansa.

Ba a mayar mata da shi ba har ta koma ga Allah. A zaman makoki maza suka yi ta tuna alherin gidan, yadda baƙo ba ya kwana da yunwa, suna yi wa marigayi Alhaji addu'a a kan haka. Iya ta zo, ta tsufa tukuf, ta zauna a cikin mata tana kuka da Yarbanci.

Yanzu gidan ba baƙi. Ana cinikin goro ta waya, wanda ya zo ma masauki yake kamawa ya ci a titi. An rushe madafar an yi shago. Yaran unguwa suna cin amala da rana tsaka a bakin hanya, ba wanda ya ce sun fasa zama Hausawa. Abin da aka wulaƙanta tsohuwa a kansa, yau ko a jikin kowa. Ni kuma ina sayar da abinci a rumfata kusa da Mokola, kuma duk wanda ya tambayi abin da ke cikin miyata ina faɗa masa da ƙarfi, don na bayansa ma ya ji.

Baffa ya tsufa, ciwo ya zaunar da shi, abinci ba ya shiga. Kwanakin baya ya aiko 'yarsa, wai yana marmarin miyar Inna. Na ce ta koma ta gaya masa akwai iru a ciki, akwai manja, in yana so ya faɗa da bakinsa cewa ya sani. Bai faɗa ba. Na san ba zai faɗa ba. Amma duk Juma'a 'yar tasa tana zuwa da kula, ta ce wai ita za ta ci. Ina karɓa in zuba, in tsamo naman da ya fi laushi, don na san ba shi da haƙora. In ta juya baya kuma sai in yi ta jin haushin kaina har la'asar.