Ranar da Koriyar Motar Baba Ta Tashi

Aikina a wani gida a unguwar Al Thumama da ke Doha tuƙi ne, kuma na daɗe da gajiya da shi. Da safe in kai yara makaranta, in dawo in kai uwarsu kanti, in tsaya a rana kamar jakin da aka ɗaure, in kwaso yaran in kai su wani karatun. Motocin gidan manya ne, farare, kuma dukansu suna da baki. Ka matsa kusa da bango su yi ƙara, ka manta bel su yi ƙara, ka ɗan kauce layi sitiyari ya girgiza a hannunka. Tun ban da gemu nake tuƙi, yau ga furfura, amma mota ce ke yi mini faɗa.

Akwai guda ɗaya a ƙuryar gareji wadda ba ta magana. Ta Baba ce, mahaifin kafil ɗina, wato mutumin da ya ɗauko ni aiki. Tsohuwar motar Amurka ce irin ta iyali, koriya, doguwa, gefenta da fenti mai kama da katako. Kujerar gaba benci ce guda, mutum uku su zauna ba mai taɓa wani. Giya a jikin sitiyari take. Can baya akwai wata kujera mai kallon inda aka fito. Ƙarfen bambarta kuwa, idan ka buga da hannu, hannun ne zai ji jiki.

Ranar da na fara ɗage tamfol ɗin da aka rufe ta da shi na buɗe ƙofa, wani wari ya bugo ni, na tsohon kushin da fetur da ledar da ta sha zafi. Sai da na dafa bango. Warin garinmu Funtua ne.

Mahaifina direban wani attajirin auduga ne, kuma irin wannan motar yake ja, sai dai tasu ruwan ƙasa ce. Mu 'ya'yan direba ba ma shiga, iyakarmu mu taya shi goge taya. Amma attajirin yana da wata al'ada: washegarin Sallah yakan bar wa mahaifina motar ya kai iyalinsa gaisuwa ƙauye. Ranar ba a barin kowa. Innarmu a gaba da goyo, kakarmu a tsakiya tana salati duk lokacin da aka shiga rami, mu yara a kujerar nan mai kallon baya muna yi wa masu keke gwalo. Kwanon nama a cinyar wannan, buhun masara a ƙarƙashin ƙafar wancan. Motar ba ta tafiya kamar sauran motoci, lilo take yi, kana ciki kamar an goye ka. Ni da na girma a tuƙi, na kai 'ya'yan mutane ko'ina, amma nawa 'ya'yan ban taɓa loda su a mota ɗaya na kai su wani wuri ba. Abin yana cina, kuma ba na son tunawa.

Waccan motar ba a bar ta ta mutu da wuri ba, don a wurinmu ba a barin mota ta mutu. Injinta ya buga aka dasa mata na ƙaramar akori-kura. Fitila ta fashe aka ɗaura ta wata. Ta yi shekaru tana kai mutane kasuwannin ƙauye, rabinta Amurka, rabinta abin da Allah ya hore wa kanikawa. Haka na taso na gani, kuma ban taɓa jin wani ya kira hakan laifi ba.

Baba ya tsufa ƙwarai, kuma tunaninsa ya fara tafiya yana dawowa. Wata rana ya san ni, wata rana ya kira ni da sunan wani direba da ya bar gidan tun kafin a haifi jikokinsa. Amma kowace Juma'a da hantsi yakan dogara sanda ya zo gareji, ya shafa bayan koriyar motar.

"Yau za mu fita?" yakan ce.

"Ba ta tashi tukuna ba, Baba."

"Bakin teku kawai. Mu je mu dawo."

"In sha Allahu, Baba."

Abin da ya hana ta tashi ƙaramin abu ne, famfon da ke tura mai zuwa inji ya mutu. Kafil ɗina ya aika Amurka a nemo irinsa sak, na shekarar da aka ƙera motar. Aka yi watanni, aka kawo wani, bai yi daidai ba, aka mayar. Shi ba ya gaggawa. Ni kuwa ina kallon abu biyu. Likita ya fara yawan zuwa gidan, kuma sanyin Doha ɗan kaɗan ne. Motar ba ta da esi. Da zarar zafi ya shigo, ba mai hankalin da zai sa tsoho a cikinta, kuma ban ga alamar Baba zai kai wani sanyin yana iya taka ƙafarsa ba.

Na yi wa kafil magana sau ɗaya. Na ce akwai kanikawa a Sanaiya, unguwar masu gyaran motoci, da za su tayar da ita a yini guda. Bai ɗago daga wayarsa ba.

"Kayanta na asali na hanya. Khalas, magana ta ƙare."

Na ce to. Amma "in sha Allahu" ɗin nan da nake yi wa tsoho duk mako ya fara yi mini nauyi a baki.

Ina da aboki a Sanaiya, bakanike, ɗan Zangon Kumasi. A masallaci muka haɗu, muka saba, yana tsokanata da cewa mu 'yan Najeriya mun fi kowa iya surutu, ina tsokanarsa da Hausarsa wadda ba ta bambanta mace da namiji. Wata Alhamis kafil ya tafi ofishinsa a West Bay, na kira abokin nawa ya zo da jakar kayansa. Ya zagaya motar yana kaɗa kai, ya kwanta ƙarƙashinta, ya fito yana share hannu.

"Yaya, motan nan ba shi mutu ba. Yunwa ne shi ke ji. Mai ba shi kaiwa."

"To me za a yi?"

"Ina da famfo na lantarki, na pikap. In sa shi, yanzu-yanzu za shi tashi. Amma sai na huda nan, in ɗaure shi."

Ya nuna mini ƙarfen da ke gefen inji. Ban yi wani dogon tunani ba. Huda biyu a wurin da ba mai gani, a motar da ta fi shekara a kwance, me ye a ciki? Na ce ya huda.

Kafin la'asar ya gama. Na murza makulli, ta yi tari, ta sake tari, sannan ta kama. Wallahi na manta irin wannan murya, mai kauri, mai natsuwa, wadda kake ji a ƙirjinka kafin ka ji a kunne. Bakaniken ya daki kafaɗata yana dariya. Na kashe ta da sauri na mayar da tamfol.

Washegari da hantsi na wanke ta, na fito da ita daga ƙurya da turi zuwa bakin gareji, na tayar da ita don ta ɗumama kafin Baba ya fito. Wanda ya fara fitowa ba Baba ba ne. Kafil ne, cikin rigar barci, ba hula. Ya buɗe bonet, ya tsaya yana kallon sabon famfon da jajayen wayoyinsa. Ya sa yatsa a kan notin da aka ɗaure.

"Wa ya huda ta?"

"Ni na sa aka yi."

"Ka san tun da aka sauke motar nan daga jirgi ba wanda ya canza mata ko noti? Ka san shekara nawa nake kiyaye ta?"

Raina ya ɓaci, kuma ban iya ɓoye ɓacin rai. Na ce, "Ranka ya daɗe, mota don tafiya aka yi ta. Baba yana tambaya kullum."

"Ba ka da abin da za ka gaya mini game da mahaifina."

Ya faɗe shi a hankali, kuma ya fi ihu zafi. Sai a lokacin na gane cewa a idonsa gyaran gangar Auzinawa na yi. Ni na ga motar da aka hana tafiya. Shi kuwa abu ɗaya ne na ƙuruciyarsa da ya rage yadda yake, a garin da komai an rushe an sake ginawa, kuma na kawo baƙo ya sa masa ƙarfe. Na fara lissafin inda zan sa kaina idan ya ce in haɗa kayana.

Muna tsaye a haka sai ga ƙarar sanda. Baba ne, ya sha farar riga, har da turare. Ya ji muryar motar daga ɗakinsa. Bai kalli ɗansa ba, bai kalli bonet ba. Ya buɗe ƙofar gaba da kansa, ya zauna, ya ajiye sandar tsakanin ƙafafunsa, fuskarsa tana haske kamar ban taɓa gani ba.

"Rufe wannan abin," ya ce wa ɗansa. "Shiga baya. Yalla, maza."

Kafil ya tsaya jim. Sannan ya rufe bonet, ya zagaya, ya shiga baya, babban mutum mai furfura a gemu, cikin rigar barci. Na shiga na kama sitiyari. Ban taɓa zama kujera ɗaya da mai gida ba sai ranar. Na taka birki, na kai hannu zan ja giya.

Baba ya ɗora hannunsa a kan nawa.

"Ina za ka? Uwarsu ba ta fito ba."

Matar Baba ta rasu tun kafin in zo gidan. Hotonta kawai na sani, a bangon falo. Na kalli madubi, idona ya haɗu da na kafil.

"Baba," ya ce, "mu je, za ta biyo mu."

"Da wace motar? Ba ka da kunya? A bar uwarka a gida?"

Ya miƙa hannu ta gabana ya danna hon, sau biyu, gajeru. Ƙarar ta cika layin, wani kare ya amsa daga nesa. Baba ya jingina ya zuba wa ƙofar gida ido.

"Kullum haka take," ya ce mini, yana ɗan murmushi. "Sai kowa ya shiga sannan ta tuna ta manta butar shayi. Bari ka gani."

Muka zauna. Inji yana ta bugawa a hankali, sabon famfon yana ƙyas-ƙyas a ƙarƙashin muryarsa. Rana ta fara hawa, kushin ya ɗau zafi, gumi ya jiƙa mini baya. Ƙofar ta buɗe sau ɗaya, Baba ya gyara zama, ashe mai aiki ce ta fito da shara. Ya sake danna hon. Allurar zafin inji ta fara tashi. Na yi abin da na iya, na tayar da mota, kuma ga shi ba ita ce matsalar ba. Wata irin gajiya ta sauko mini, wadda ba ta aiki ba, har hannuna ya yi nauyi a kan sitiyari.

A madubi na ga kafil ya juya fuskarsa wajen taga yana share ido da hannun riga. Can ya ce, da muryar da ba ta fita sosai, "Kashe ta."

Na kashe.

Baba bai yi musu ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya lalubi sandarsa. Ɗansa ya fito ya kama shi ta dama, ni ta hagu. Ba a kore ni ba, ba a kuma sake yi mini maganar hudar ba. A makon da ya biyo baya zafi ya shigo, Baba ya kwanta, bai sake zuwa gareji ba. Tayar motar ko juyi ɗaya ba ta yi da shi a ciki ba.

Amma ranar, da muka kai shi bakin ƙofa, ya tsaya ya numfasa, ya riƙe rigata, ya matso da bakinsa kusa da kunnena don kada ɗansa ya ji.

"Idan ta fito, kada ka ce na yi fushi. Ka ce mata mun jira."

Na ce, "To, Baba. Zan gaya mata."