Jakar Inna da Alwalarta

Shekarar da maigidana ya sayi babur, soja na mulki, kuɗin mai na yawo a gari, ita ce shekarar da aka yi wa Inna aiki. Ina da goyon fari wata biyar a lokacin, kuma ni mutum ce mai fargaba. Yarinyar ta yi atishawa sau biyu, sai na taɓa goshinta.

Inna ta fi shekara tana ganin jini a bayan gida, tana cewa basir ne. Ta sha saiwa, ta sha jiƙo, ta zauna a ruwan bagaruwa. Ranar da na je gidanta a Dundaye na ga zaninta ya kusa zagaye ta sau biyu, ban yi shawara da kowa ba, na taho da ita wurina a unguwar Gidan Igwai.

Likitan asibiti baƙo ne, ba ya jin Hausa, wata nas ce ke faɗa mana abin da ya ce. Ya yi zane a takarda. Ciwon daji ne a ƙarshen hanji, har ya kama mahaifa. Za su shiga ta wuri biyu, ta ciki da ta ƙasa, su cire ƙarshen hanjin da dubura da mahaifar, su ɗinke ƙasan. Sannan su buɗe wata ƙofa a gefen ciki, a liƙa jaka, ta nan bayan gida zai riƙa fita. Aji uku na yi a firamare, amma zanen nan na gane shi sarai.

Wuƙa ba ta ba Inna tsoro ba.

"Mahaihwa ta gama aikinta, su ɗauka," in ji ta. "Amma wagga jaka, ina iya riƙe abin in zan yi salla?"

Nas ta ce a'a, da kansa yake fita. Inna ta yafa mayafinta.

"Tashi mu tahi, ɗiyata. In tsaya gaban Ubangiji da najasa rataye ga cikina? Gara in mutu da alwalata."

Maigidana ya roƙe ta, Kawu ya zo ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Ina gefe ina jijjiga yarinya, sai na lura kowa maganar rai yake yi mata, babu wanda ya amsa abin da ta tambaya.

Akwai wata tsohuwar malama a unguwarmu da ke karantar da matan aure. Na goya yarinyar na je. Ban taɓa faɗin irin kalmomin nan a gaban babba ba, kaina a ƙasa na zayyana mata komai, har zanen likita na maimaita mata da yatsa a kan rairayi. Washegari da hantsi ta zo da kanta, littafi a naɗe cikin ƙyalle.

"Ke ce wadda ta hi littahi sani?" ta ce wa Inna. Ta bayyana mata cewa abin da ke fita kullum ba da ikon mutum ba, ba ya karya alwala, kamar mai yoyon fitsari. Abin da ke kanta kawai shi ne ta tsabtace jakar, ta yi alwala in lokaci ya yi, ta yi sallarta.

"Ga littahi yake, ko tausayina kika ji, Malama?"

"Ni ina na san ki, balle in ji tausayinki? Kawo hannu."

Ta ɗora yatsar Inna a kan layin. Inna ba ta iya karatun ba, amma ta daɗe ba ta ɗaga yatsar ba.

Ranar aikin, tun safe aka shiga da ita, sai la'asar aka fito. Wata biyu muka yi a asibiti. Nas ta koya mini canja jakar, kuma ni da ke fargabar yanke wa jaririya farce, ko sau ɗaya ban ja da baya ba. Na ɗinka wa jakar riga da guntun atamfa, na sa mata igiya ta ɗaurawa a ƙugu don kada ta yi lilo.

Azahar ce Inna ta fara yi a tsaye, a tsakar gidana. Da ta sunkuya ruku'u idona na kan ƙugunta. Igiyar ta riƙe. Ta yi sujada, ta ɗago, ta sallame, sannan ta juyo ta harare ni.

"Mi kike kallo? Tashi ki yi taki."

Azumi huɗu ta ƙara yi a duniya. Ita ce ta koya wa yarinyar nan alwala, a bakin randa, tana ɗaure da igiyar da na ɗinka.